Labarin Garin Lakwaja

Garin Lakwaja yana bisa gaɓar yamma ta Kwara, daidai inda Binuwai ta gangaro daga gabas ta haɗu da ita. Bayan gari akwai dutsen Patti mai shimfiɗaɗɗen kai. Wanda ya hau bisansa yakan ga kogunan nan biyu, da tsibirai, da jiragen masunta. Sararin da ke tsakanin dutse da ruwa ƙunci gare shi, saboda haka garin ya miƙe bin gaɓa. Ga zafi kuwa ba kama hannun yaro.

Tun kafin zuwan Turawa akwai Oworo da Kakanda da Nufawa a wannan yanki, fatake Hausawa kuma suna ratsawa. A cikin shekarar 1860 wani Bature, Likita Baiki, ya kafa zango a nan da yardar Sarkin Nufe Masaba. Ya buɗe kasuwa, yana magani, yana raba gardama, ya kuma koyi Hausa har ya kai Kano a 1862. Bayansa Kamfanin Kwara ya mai da wurin mazaunin sojansa.

Ran 1 ga Janairu 1900 aka sauke tutar Kamfani a Lakwaja, Gwamna Lugga ya ɗaga ta Ingila. Amma mulki bai daɗe a nan ba. Aka koma Jabba, sa'an nan Zungeru a 1902, daga bisani Kaduna a 1917. Da jirgin ƙasa ya kai Kano, sai cinikin kogi ya yi sanyi.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, nan Turawa suka riƙa kai sarakunan da suka tuɓe. Sarkin Kano Alu, wanda aka kama a 1903, a Lakwaja ya rasu cikin 1926. Haka Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, mai waƙoƙi, can ya cika a 1924. Mutum ya yi mulkin ƙasa mai faɗi, ya ƙare kwanansa a bakin ruwa cikin baƙi, nesa da gidan ubansa! Kaburburansu suna nan, ana ziyara. Allah ya ji ƙansu.

A 1991 Lakwaja ta zama babban birnin Jihar Kogi. Ruwan da ya kawo mata arziki bai bar ta ta huta ba: a 2012, da kuma 2022, ambaliya ta ci unguwannin gaɓa, ta yanke hanyar Abuja kwana da kwanaki, motoci suka yi cirko-cirko.