bttv: Manhajar da ke sarrafa katunan ɗaukar bidiyo a Linux

Katin ɗaukar bidiyo wani allo ne da ake soka wa kwamfuta domin ta karɓi hoto daga eriyar talabijin ko kyamara ko na'urar kaset, ta mayar da shi bayanan da za a iya adanawa. Ginshiƙin katin shi ne ƙwayar lantarkin da ke sada shi da kwamfutar, kuma ba ta aiki sai da manhajar da ake kira direba.

Daga cikin waɗannan ƙwayoyi, Bt848 ta kamfanin Brooktree na Amurka da magajiyarta Bt878 sun yi fice a ƙarshen shekarun 1990. Rockwell ya sayi Brooktree a 1996, sannan sashen ya koma Conexant a 1999. Kamfanoni irin su Hauppauge da Pinnacle sun ƙera katuna da su.

Ralph Metzler da Marcus Metzler ne suka fara rubuta wa ƙwayoyin buɗaɗɗiyar direba mai suna bttv, daga baya Gerd Knorr ya karɓi ragamarta. Tana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar karanta rubutunta da gyara shi. Tana hulɗa da sauran manhajoji ta tsarin Video4Linux, wanda zubinsa na biyu ya shiga Linux a 2002.

Babbar matsalar ita ce, ko da ƙwayar ɗaya ce, kowane kamfani da yadda yake haɗa ta da na'urar kamo tasha da ta sauti. Bt848 ba ta iya sanar da kwamfuta katin da take ciki, don haka mai amfani ke zaɓar lambar katinsa daga jerin da masu sa kai suka tattara. Idan ya kuskure lamba, hoto kan fito babu sauti, ko tasha ta ƙi kamuwa.

An bi wannan tafarki wajen rubuta cx88 domin ƙwayoyin Conexant na baya, da saa7134 domin na Philips.

Amfanin buɗaɗɗiyar direba yakan fito fili ne idan kamfani ya daina kula da kayansa. Da yake rubutun yana hannun jama'a, tsohon kati yakan ci gaba da aiki, musamman wajen kwafe kaset ɗin VHS kafin ya lalace.