Daga Rijiyar Kusugu Zuwa Taurari: Tarihin Ƙagaggun Halittu Masu Jan Ciki

Gabatarwa

A zangon karatun da ya gabata, wani ɗalibi a nan Lafiya ya kawo mini ƙagaggen labari game da wasu ƙadangaru masu hankali da suka sauko daga wata duniya. Na karanta shi har ƙarshe, na tarar ƙadangarun nasa suna tashi da asubar fari cikin hunturu su fita yaƙi, suna cin abinci sau uku a rana, matansu kuma suna shayar da 'ya'ya. Da na tambaye shi abin da ya mai da su ƙadangaru, sai ya ce ai haka ya gan su a fim. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin irin waɗannan halittu, daga adabin baka na Hausa zuwa ƙagaggun labaran kimiyya na zamani, domin a nuna cewa Bahaushe ya daɗe yana ƙaga su, kuma duk inda ƙagen ya yi armashi za a tarar al'adar halittar da tsarin zamanta sun tsiro ne daga yanayin jikinta.

Macijin Kusugu

Mafi shahara daga cikin waɗannan halittu shi ne macijin da ke cikin tarihihin Bayajida. Kamar yadda labarin ya zo, Bayajida ya taso daga Bagadaza, ya zauna a Borno, ya biyo ta Gaya inda maƙera suka ƙera masa wuƙa, sa'an nan ya iso Daura da dare. Ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa, ta gaya masa ba a ɗibar ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, saboda wani maciji da ake kira Sarki. Ya je ya zura guga, macijin ya taso, ya sare masa kai. Sakamakon haka ya auri Sarauniya Daurama, daga zuriyarsu kuma aka sami sarakunan Hausa Bakwai.

Masana tarihi sun yi ta muhawara a kan wannan labari. H. R. Palmer, wanda ya buga shi a Sudanese Memoirs a shekarar 1928, ya karkata ga ɗaukarsa a matsayin shaidar zuwan baƙi daga gabas. Abdullahi Smith kuwa, a maƙalarsa ta 1970 kan kafuwar daulolin ƙasar Hausa, ya nuna cewa daulolin sun ginu ne sannu a hankali daga cikin gida. Abin da ya shafe mu a nan shi ne shi kansa macijin. Yana da mazauni da ya dace da jikinsa, wato wuri mai laima da duhu. Yana da suna na sarauta, yana da doka, yana kuma da ranar da ya keɓe wa talakawansa. Ƙarfinsa duka ya dogara ne ga riƙe abin da jama'a ba za su rayu ba sai da shi. A ƙasar da rani ke ɗaukar fiye da rabin shekara, wanda ya mallaki rijiya shi ya mallaki gari, kuma wanda ya kashe macijin shi ya gaji mulkin.

Dodo da Birnin Jangare

A tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, da waɗanda R. S. Rattray da A. J. N. Tremearne suka buga a 1913, Dodo ne ya fi kowa ban tsoro. Siffarsa ba ɗaya ba ce. Wani lokaci ƙato ne mai gashi a ƙungurmin daji, wani lokaci kuma mazaunin gulbi ne da ke tare mashaya, yana haɗiye mutane da dabbobi ɗungurungum, har in an farke cikinsa su fito da ransu. Wannan haɗiya ba tare da tauna ba ɗabi'ar mesa ce, kwanton ɓauna a bakin ruwa kuwa ɗabi'ar kada ce. Duk da haka Dodo yana da gida da dukiya, yana neman auren 'yan mata, yana ƙulla alkawari da mutum ya kuma zo karɓar abin da aka alkawarta masa. Ashe ke nan mai tatsuniya ya ari jikin dabba ya ɗora masa mu'amalar mutane.

Inda ƙagen ya fi cika shi ne a wajen 'yan bori. A ganinsu iskoki suna da birni nasu mai suna Jangare, wanda ido ba ya gani. Fremont Besmer, wanda ya yi bincike a Kano ya kuma buga littafinsa a 1983, ya bayyana cewa birnin ya kasu gidaje 12, a ƙarƙashin Sarkin Aljan Sulemanu, da fadawa da malamai da bayi da auratayya tsakanin gidaje. Daga cikin mazauna birnin akwai Ɗanko ɗan Musa, wanda maciji ne, kuma idan ya hau dokinsa sai a ga mutum yana jan ciki a ƙasa. Ko da yake Musulunci ya yi hani da wannan al'ada, mai nazarin adabi zai ga cewa a nan an gina al'umma sukutum ta waɗanda ba mutane ba, da nasaba da muƙamai da abin da kowa ke so da abin da yake ƙi.

Ba Bahaushe kaɗai ke da irin wannan tunani ba. Maƙwabtanmu Jukunawa suna da tafkin Marmara a Wukari, inda ake girmama kadoji, ga kuma Alago na Doma da Keana da ke danganta asalinsu da Kwararrafa. Haka ake samun kadoji masu alfarma a Paga ta ƙasar Gana. A 2011 binciken ƙwayoyin halitta ya tabbatar da cewa kadan Afirka ta Yamma jinsi ne dabam da kadan kogin Nilu, kuma bai kai shi girma da faɗa ba. Wannan ya taimaka wajen fahimtar yadda mutane suka iya zama da kada a tafki ɗaya har suka mai da shi ɗan gari.

Hawa Sama

A ƙarni na 20 ne waɗannan halittu suka bar rijiya suka hau sama. A 1929 wani marubucin Amurka, Robert E. Howard, ya buga labarin wasu macizai masu rikiɗa su zama mutane su shige fadar sarki. A 1967 shirin talabijin na Star Trek ya nuna wani jinsi mai kama da ƙadangare da ake kira Gorn. A 1983 kuma aka yi shirin V, inda baƙi suka zo da fuskar mutane da daɗin baki, alhali a ƙarƙashin fatar ƙadangaru ne, abin da ya kawo su kuwa shi ne kwashe ruwan duniya. Mai karatu zai lura cewa macijin Kusugu ne ya dawo cikin kumbo, domin har yanzu rigimar ta ruwa ce.

Aikin da ya fi zurfi a wannan fanni shi ne West of Eden na Harry Harrison, wanda ya fito a 1984. Ya ƙaga wata al'umma mai suna Yilane, ya kuma bar jikinta ya tsara rayuwarta. Da yake mazansu ne ke ɗaukar ƙwai, kuma da yawa sukan mutu a wannan hidima, sai aka killace su, mulki ya koma hannun mata. Da yake jikinsu ba ya ɗumama kansa, sanyi ne babban abokin gabarsu, shi ya kore su daga biranensu. Maganarsu ma ta haɗa da motsin gaɓoɓi da sauyin launin fata. Shekara biyu kafin nan, a 1982, masanin ƙasusuwan dauri Dale Russell na Kanada ya zana siffar da yake ganin wani ƙaramin dinoso zai iya kaiwa da ba su ƙare ba shekaru miliyan 66 da suka wuce. Abokan aikinsa sun soki siffar da cewa ta cika kama da mutum, wato kuskuren da ɗalibina ya maimaita.

A namu ɓangaren, Umaru Dembo ne ya buɗe wa ƙagaggen labarin Hausa ƙofar sararin samaniya da Tauraruwa Mai Wutsiya, wanda aka buga a Zariya a 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata. A ciki Kolin Koliyo ya ɗauki yaro Kilba ya zaga da shi sama. Abin takaici, marubutan da suka bi wannan hanya ba su da yawa, domin adabin kasuwar Kano da ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980 ya fi karkata ga soyayya da zaman aure.

Akwai kuma haɗari. A 1999 wani Baturen Ingila, David Icke, ya buga littafi yana da'awar cewa shugabannin duniya ƙadangaru ne masu rikiɗa. Babu ƙwayar hujja a kan haka, amma maganar ta bazu ta intanet har ta iso wayoyin matasanmu. Mai tatsuniya yakan rufe da ƙurunƙus domin kowa ya san an dawo duniyar gaskiya. Idan aka cire wannan iyaka, ƙage ya zama ƙazafi ga mutane masu rai.

Abin da Jiki ke Haifarwa

Marubucin da ke son ƙaga irin wannan al'umma ba ya bukatar tafiya nesa. Ya dubi jan gwada a bangon ajinsu da hantsi, zai ga ba ya kuzari sai ya sha rana. Al'ummar da jikinta ke haka ba za ta yi sammako ba, kuma babban gata a cikinta shi ne samun wurin shan hantsi. Mai jan ciki ba ya cin ko kusa da abin da dabba mai shayarwa ta girmansa ke ci, kada ma yakan yi watanni bai ci ba, don haka noma da kasuwa ba za su zama ginshiƙin rayuwarsu kamar namu ba. A wajen kada, zafin ramin da aka binne ƙwai shi ke sa ɗa ya fito namiji ko mace, cikin kimanin wata uku. Wanda ke kula da ramukan ƙwai ke nan shi ke da ikon tsara yawan maza da mata a gari, kuma a nan siyasarsu za ta taru. Maciji yana saɓa, yana sansana da harshe, ba shi da kunnen waje, sai dai ya ji motsin ƙasa. Ana iya gina bukukuwan girma a kan saɓa, a gina kiɗa a kan bugun ƙasa.

Ƙasarmu ma ta ajiye mana kayan aiki. A Gadufawa, cikin hamadar Nijar, aka tono ƙasusuwan wani ɗan'uwan kada da tsawonsa ya haura mita 9, aka raɗa masa suna Sarcosuchus a 1966. A yankin Sakkwato kuma an sami wani ƙaton mai jan ciki na teku, wanda a 1972 aka ba shi sunan Goronyo, wato Goronyosaurus.

Kammalawa

Wannan maƙala ta bi ƙagaggen mai jan ciki daga Daura zuwa Jangare, daga nan zuwa majigin Amurka. An ga cewa a kowane zango yakan tsaya ne a kan abin da jama'a ke tsananin bukata, shi ya sa Bahaushe ya kira shi ƙadangaren bakin tulu, a kashe shi a fasa tulu, a bar shi ya ɓata ruwa. Na mayar wa ɗalibina labarinsa, na ce ya je ya zauna kwana bakwai yana kallon ƙadangarun harabar makaranta, ya kuma sake karanta labarin Kusugu. Ina fata za mu ga abin da ya samo a fitowa ta gaba ta wannan mujalla.