Wardin da Ke Hawa Katangar Gidanmu

A gidanmu na Kafur akwai wani wardi da ke hawa katangar turakar kakanmu. Furensa ruwan ƙwai ne mai ɗan duhu a tsakiya, ƙamshinsa kuwa kamar an buɗe sabon ƙullin ganyen shayi. Kaka, Allah Ya jiƙansa, ya yi aikin lambu a gidajen Turawan kamfanin auduga a Funtuwa. Daga can ya yanko reshe ya dasa a inda yake alwala, don kada ya rasa ruwa. Bana aka yanke shawarar rushe katangar a sa ta bulo. Wannan ya sa na shiga bin asalinsa.

Sunan wardi daga Larabci muka aro shi, amma wannan iri daga ƙasar Sin ya fito. Yawancin wardin Turai na dā sau ɗaya yake fure a shekara, na Sin kuwa yana maimaitawa. Wajen 1810 wani wardi da aka kawo wa Sir Abraham Hume daga Kanton ya yi fure a Ingila, a 1824 kuma John Parks ya kawo mai ruwan ɗorawa. Saboda ƙamshinsu aka kira zuriyarsu wardin shayi. Faransawa suka duƙufa kan barbararsu da wasu iri, har suka samu masu hawa bango: Gloire de Dijon a 1853, da Maréchal Niel a 1864. A 1867 Guillot ya fitar da La France, wanda daga kansa ake ƙirga wardin zamani. Duk irin da ya riga shi, tsohon yayi ake ce masa.

Wardin shayi ba ya jure ƙanƙara. A Ingila sai a ɗakin gilashi ko jikin bango mai samun rana yake sakewa, amma a ƙasashe masu ɗumi kamar Indiya da Ostareliya ya bunƙasa. Mu kuma auduga ce ta buɗe masa hanya. A 1902 aka kafa ƙungiyar BCGA don samar wa masaƙun Lankasha auduga, ta kafa injin gurza a Funtuwa, layin dogo daga Zariya ya ratsa garin ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Turawan da suka zauna suka shuka furannin gida, amma 'yan ƙasa ne ke ban ruwa da sa taki, su suka san sirrin.

Ba wai ba mu da fure ba ne kafin nan. Muna da lalle mai ƙamshi da dare, da kariya mai fure da rani ba ganye, wadda Turawa ke kira wardin hamada. Sai dai wardi ya fi su neman kulawa. Gara na cin saiwarsa, akuya na cin tohonsa, hunturu na busar da shi. Ruɓaɓɓen takin shanu yake so, ba ya son sara mai yawa, kuma in aka kwantar da rassansa a jikin bango maimakon a miƙar da su, ya fi fure.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, ba a samun ainihinsa daga ƙwaya, sai daga reshe. A aikina na rubuta manhaja, kwafi ba ya cin komai. Nan kuwa kowane kwafi sai wani ya yanka, ya dasa, ya yi ban ruwa. Hannu ɗaya ya yi sakaci, zuriyar ta yanke.

Na roƙi Baffa a jinkirta rushewar zuwa damina, ya amince. A watan Yuli na yanki rassa goma na dasa a rairayi cikin inuwa. Huɗu sun kama. Biyu na nan gida, biyu na ba maƙwabta.