Tarihin Wasa Ƙwaƙwalwa a Tsakaninmu Hausawan Karasuwa

Muna so a wannan fitowa mu waiwayi wata al'ada wadda iyayenmu suka zo da ita ƙasar nan ba a cikin mangala ko adaka ba, sai a cikin kawunansu. Wannan al'ada kuwa ita ce ta kacici-kacici da wasa ƙwaƙwalwa. Wani zai ce, ashe wasan yara ma yana da tarihi? To yana da shi, domin kuwa da shi ne aka horar da mafi yawanmu da muke zaune a rumfunan kasuwa yau, tun ba mu san muna makaranta ba.

Kamar yadda aka sani, wannan ƙasa ta Mangawa ce da Badawa da Fulani, kuma Nguru tsohon mazaunin Galadiman Borno ne. Fatake sun daɗe suna ratsowa neman kanwa da gishiri, amma babbar ƙofa ba ta buɗe ba sai da hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta iso Nguru a 1930. Daga nan ne kakanninmu suka riƙa kwararowa daga Kano da Haɗeja da Gumel da Damagaram, wasu don gyaɗa, wasu don ƙaro, wasu don shanu da fata da kifi banda. Da Nguru ta cika sai aka bazu zuwa Jajimaji da ƙauyukan Karasuwa har Gashuwa. Baƙo kuwa, kowa ya sani, darensa yana da tsawo. In an yi sallar lisha an shimfiɗa tabarma, ba rediyo ba lantarki, abin da ya rage shi ne baki da ƙwaƙwalwa.

Makarantar farko ita ce tsakar gida, malamanta kuma kakanninmu mata ne. Kafin a shiga tatsuniya sai an fara wasa kai da kacici-kacici. A ce maka, "Ƙulun ƙulufit," ka ce gauta. A ce, "Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya," ka ce tsintsiya. A ce, "Baba na ɗaki gemunsa na waje," ka ce wuta da hayaƙi. In ka kasa, doka ita ce ka ba mai tambaya gari kafin ya faɗa maka amsa. Nan ne abin yake da daɗi, don mu 'ya'yan baƙi garuruwan da muke bayarwa su ne tashoshin da iyayenmu suka ratso. Ka ce ka ba kaka Birniwa, ta ce ta yi mata kaɗan. Ka ƙara da Malam Madori, ta ce a'a. Sai ka hau har Ringim, in tambayar mai tsada ce kuwa ba ta sakinta sai ka miƙa mata Kano sukutum. Ta haka yaron da bai taɓa wuce Nguru ba ya haddace hanyar gida tasha bayan tasha.

In yaro ya fara tasawa sai a ɗaga shi zuwa tambayoyin da ba a amsa su da kalma ɗaya. Shahararriya a cikinsu ita ce ta mutumin da ya iso bakin kogi da kura da akuya da damin harawa, ga shi kwalekwalen ba ya ɗaukar sai shi da abu guda. In ya bar kura da akuya an yi ɓarna, in ya bar akuya da harawa an yi ɓarna. Mu da muke ganin kogin Yobe yana cika a Gashuwa da damina ba mu ɗauki wannan a matsayin almara ba. Amsar ita ce ya fara ƙetarar da akuya, ya dawo ya kai kura, ya komo da akuyar, ya ajiye ta ya kai harawa, sannan ya dawo ya ɗauke ta. Sawu bakwai ke nan. Inda yara suke tsayawa cik shi ne wurin komowa da akuya, don ba sa yarda a mayar da abin da aka riga aka ƙetarar. Dattawa kuwa sukan ce duk karatun yana nan, wato wanda bai iya ja da baya taki ɗaya ba ba zai iya ciniki ba. Abin mamaki, irin wannan tambaya tana cikin wani kundin lissafi da ake jinginawa ga Alkuwin, wani malami ɗan Ingila, wajen shekara ta 800 Miladiyya, sai dai su kyarkeci ne da akuya da kabeji. Ashe dabba ce take sauyawa, hankali ɗaya ne.

Makaranta ta biyu ita ce zauren malamai. Kada wani ya zaci malamanmu sun ɗauki wannan abu a matsayin shiririta. A cikin Sahihul Buhari, a littafin ilimi, an ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda misalinta kamar Musulmi ne. Mutane suka yi ta laluben itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ce, amma kunya ta hana shi magana saboda shi ne ƙarami a wurin. Malamai suka fahimci cewa ya halatta malami ya jefa wa almajirai tambaya don ya gwada fahimtarsu. Har ma wani babban malamin Malikiyya na Madina, Ibnu Farhun, ya tara littafi guda na kacici-kacicin fiƙihu.

Mu da muka yi Islamiyya, inda abin ya fi kama mu shi ne babin rabon gado. Alal misali, mutum ya rasu ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba. A kasa dukiya kashi 24. Mata tana da tumuni, wato 3. 'Ya'ya biyu suna da sulusi biyu, wato 16. Uwa da uba kowanne sudusi, wato 4 da 4. To haɗa mana. Ka ga an sami 27, alhali kashi 24 ne a ƙasa. Ina za a samo ukun da suka yi gardama? Malam yakan bar mu mu kwana da ita. Washegari ya koya mana auli, wato a mayar da asalin rabon 27, kowa rabonsa ya ragu daidai gwargwado, ba a zalunci kowa ba. Ana kiran wannan mas'ala Mimbariyya, saboda an ce an tambayi Sayyidina Aliyu ita yana kan mumbari, nan take ya amsa cewa tumunin matar ya koma ɗaya bisa tara. Duba ka gani, 3 cikin 27 ɗaya bisa tara ne cif. Wannan ba wasa ba ne, haƙƙin marayu ne, amma da sigar wasa aka cusa mana shi har ya zauna.

Haka kuma akwai wafaƙi, wato a zana gida tara a ƙasa, a zuba lamba 1 zuwa 9, ta yadda ko ta ina ka haɗa, tsaye ko kwance ko a karkace, 15 za ka samu. Layin farko 4, 9, 2, na biyu 3, 5, 7, na uku 8, 1, 6. Mutane da yawa a hatimi kawai suka san shi, amma ƙashin bayansa lissafi ne. Kuma abin alfahari ne mu sani cewa wani Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan hanyoyin tsara irin waɗannan gidaje, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Har yau masu binciken tarihin lissafi a ƙasashen waje suna ambaton sunansa.

Makaranta ta uku ita ce kasuwa, wadda ba ta yafe kuskure. Iyayenmu sun yi ciniki da fam da sule da kwabo, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, har zuwa 1973 da naira ta shigo. Wanda ya saba lissafin buhun gyaɗa da irin wannan kuɗi a ka, ba takarda ba alƙalami, ai naira wasa ce a wurinsa. Don haka in an kawo wa maigida yaron shago, ba ya fara tambayarsa ajin da ya kai, sai ya jefa masa tambaya ya zuba masa ido. Ga wadda ta kayar da da yawa daga cikinmu lokacin muna samari. Wani ya sayi hula ta naira 15, ya ba da takardar naira 20 mai hoton Murtala. Mai hula ba shi da canji, ya karɓo wurin maƙwabcinsa, ya ba mai saye naira 5, ya tafi. Can sai maƙwabci ya gano takardar jabu ce, mai hula ya biya shi naira 20 mai kyau. Nawa mai hula ya yi asara? Wani ya ce 40, wani ya ce 35, har a yi ta musu ana rantse-rantse. Amsa kuwa 20 ce kawai, hular 15 da canjin 5. Maƙwabci ya ba da 20 ya karɓi 20, bai ci ba bai yi asara ba. Yaron da ya natsu ya bi kuɗin hannu bayan hannu, shi ake ba makullin shago.

Wani amfanin kuma da ba a cika faɗa ba shi ne zumunci. Bahaushe da Bamange ko Babade suna iya zama a inuwa ɗaya su buga dara a rairayi yini guda, ko kuwa harshen juna bai gama kama bakinsu ba. In aka tashi sai wannan ya kawo tambayar gidansu, wancan ya rama da tasa. Da yawa daga amanar da muke cin moriyarta yau a irin wannan inuwa aka ƙulla ta.

To yanzu ina muka kwana? Rediyo ya zo, bidiyo ya biyo baya, ga wayar hannu ta shiga kowane aljihu. Ba mu ce waɗannan abubuwa sharri ne ba, mu ma da su muke ciniki. Amma ya zama abin kunya a ce yaron shago ba zai iya faɗin kuɗin mudu bakwai ba sai ya danna waya, in caji ya ƙare ciniki ya tsaya. Mafi muni, sau nawa muka ga 'yan uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa a kan gado, alhali rabon daidai aka yi, su ne ba su iya bin lissafin ba, sai zargi ya shiga? Wanda bai iya lissafi ba, ko dai a cuce shi bai sani ba, ko ya zargi wanda bai cuce shi ba, dukkansu kuwa asara ce.

Saboda haka muna kira ga iyaye, musamman mata, da su dawo da hirar bayan lisha ko da sau ɗaya ne a mako. Muna roƙon malaman Islamiyyunmu kada su tsallake babin gado don ana cewa yana da wuya. 'Yan uwa 'yan kasuwa kuma, in kasuwa ta yi sanyi da rana, a tara yara a jefa musu tambaya maimakon gulma.

Ga tamu ta wannan fitowa. Abokan ciniki biyu sun sayi man gyaɗa kwalba 8 a tulu ɗaya, suna so su raba daidai, kowa 4. Ba su da ma'auni sai gora biyu, ɗaya tana cin kwalba 5, ɗaya tana cin 3. Yaya za su yi? Juyi bakwai ya isa. A gwada da ruwa, kada a yi mana ɓarnar mai. Wanda ya kasa, to ya shirya garin da zai ba mu, amma tun yanzu mun faɗa, ba ma karɓar ƙasa da Kano.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara mana fahimta da zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.