Bairos mai farautar ciwon daji: yadda yake aiki da wanda yake yi wa amfani

Wannan magani bairos ne da masana suka sauya wa ƙwayoyin gado a ɗakin bincike. Ana cire masa abin da ke sa shi cutar da lafiyayyen nama, a bar shi ya hayayyafa a cikin ƙarin daji har ƙwayoyin ƙarin su fashe. Fashewar tana ankarar da garkuwar jiki, ta far wa ragowar. Wani lokaci kuma ana ɗora masa wata ƙwayar gado ya kai ta cikin ƙarin, kamar ɗan aike.

Waɗanda hukumomi suka amince da su kaɗan ne. Sin ta amince da H101 a 2005 don dajin kai da wuya. Amurka ta amince da Imlygic a 2015 don dajin fata mai suna melanoma. An samo shi daga bairos ɗin da ke fito da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi, kuma allurarsa ake yi cikin ƙarin. Yakan jawo zazzaɓi, sanyi da kasala, ba a kuma ba mai juna biyu ko mai raunin garkuwa. Japan ta amince da Delytact a 2021 don wani dajin ƙwaƙwalwa.

Wanda ya fi jan hankalin mutanenmu shi ne Adstiladrin, na dajin mafitsara, wanda Amurka ta amince da shi a 2022. Shi ba ya hayayyafa, saƙo kawai yake kai wa, ana zuba shi a mafitsara duk wata uku. Sai dai a lura, an yi shi ne don dajin da bai ci naman bangon mafitsara ba. A bakin Gulbin Rima, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, masunta da manoman shinkafa suna yini cikin ruwa, tsargiya kuwa idan ta daɗe ba magani tana iya haifar da wani nau'in dajin mafitsara daban, wanda sau da yawa ba a gano shi sai ya yi nisa. Wannan kam tiyata ake yi masa, ko gashi.

Waɗannan magunguna ba su shigo asibitocinmu ba tukuna. Duk wanda ya ce zai sayar muku da su, ku yi hattara da shi. Yaro mai fitsarin jini a kai shi a gwada fitsarin, a ba shi praziquantel. Babba kuwa, ko sau ɗaya ya ga jini, ya je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi a duba mafitsarar. Idan ana buƙatar gashi, akan tura majinyaci Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato.