Haya Baƙuwa Ce a Ƙasar Gandu

A ƙauyukan arewacin Kano, wajen Bichi da Dambatta da Minjibir, inda gona ke manne da gona, a da magidanci ba ya biyan kuɗi don ya kwana da iyalinsa. Gida gado ne. In ɗa ya yi aure, sai a yanka masa sashe a cikin gidan ubansa, ya ci gaba da noma a gandu. In baƙo ya zo, mai unguwa ya nema masa masauki. Harshen kansa shaida ne: muna da aro da jingina tun kaka da kakanni, amma kalmar haya daga Turanci aka aro ta, haka ma bariki. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da wannan baƙuwar al'ada ta bi ta iso ga manomi ita ce haƙar kuza.

Kuza ba sabon abu ba ce a ƙasar Kano, domin mutanen Riruwai, can kudu, sun daɗe suna narkar da ita kafin zuwan Turawa. Abin da ya sauya shi ne girman aikin. Kamfanoni suka mamaye tsaunukan Jos, ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya isa can a 1914, haraji kuma ya koma na tsabar kuɗi. Manomin da gonarsa ta yi masa kaɗan sai ya tafi cin rani Bukuru ko Barikin Ladi. A can ya tarar da bukkar da ba ta ubansa ba, ba kuma ta mai masauki ba: ta kamfani ce, kuma ranar da aiki ya ƙare, ranar zama ya ƙare.

Wani zai ce ai wannan ba haya ba ce, tunda ba lallai lebura ya biya ko sisi ba. Amma wanda ake iya kora daga ɗaki saboda ya daina aiki, da guminsa yake biya. Wani kuma zai kawo fatoman Fage, wanda ya daɗe yana saukar da fatake. Gaskiya ne, sai dai fatoma ribarsa tana cikin la'adar ciniki, baƙonsa kuma matafiyi ne, ba mai iyali ba. Haka nan gaskiya ne cewa gyaɗa ta tsare Kanawa da yawa a gida bayan jirgi ya iso Kano a 1911, amma ba kowa ke da filin shuka ta ba.

Rashin tabbas na zaman bariki ne ya sa akasarin leburori suka bar matansu a ƙauye, suna komawa da faɗuwar ruwan farko. Aikin tilas na haƙar kuza daga 1942 zuwa 1944, lokacin da sanyi da cuta suka kashe leburori masu yawa, ya ƙara ɓata sunan bariki. Waɗanda suka kai iyali kuwa, suka kama haya a gari, daga baya suka gina nasu. Kasuwar kuza ta rushe a 1985, amma jikokinsu suna nan, har yau ana jayayya a Jos kan wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. A ƙauyen da kakanninsu suka baro, amsar mai sauƙi ce: a nuna gonar gado.