Daga Dakarun Fada Zuwa Ɓarayin Daji: Yadda Sunan “'Yan Bindiga” Ya Sauya a Daura

A ranar Hawan Magajiya ko lokacin Sallar Gani, ƙarar albarushi ce ke sanar da jama'ar Daura cewa sarki ya fito. Masu wannan harbi sunansu 'yan bindiga, kuma a da suna ne na girma. Yau kuwa, da an ambace shi a jihar Katsina, gaban mai sauraro faɗuwa yake yi. Tsakanin ma'anonin biyu akwai tarihi mai tsawo.

Kalmar bindiga daga Larabci ta samo asali, kuma makamin ya riga Turawan mulki isowa wannan yanki. Mai Idris Aloma na Barno ya yi amfani da maharba bindiga tun ƙarni na 16. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Babba Zaki (1768–1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. Tun farko, ke nan, bindiga kayan fada ce.

Daura ta ga tasirinta a ƙarni na 19. Bayan mayaƙan jihadi sun karɓi birnin wajen 1805, gidan sarautar Haɓe ya watse, rassansa suka zauna a Zango da Ɓaure, ƙarƙashin inuwar Damagaram. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi ta hanyar fataken Sahara, har ya sa maƙeransa suna ƙera igwa a Zinder. Wanda ya mallaki albarushi shi ke faɗa a ji a wannan iyaka.

Turawa sun fahimci haka. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani wannan sashe na Afirka, ta bar wa 'yan ƙasa tsofaffi masu ɗuri ta baki. Lokacin da aka mayar da Malam Musa gadon sarautar Daura, bindigar fada ta riga ta zama ta biki da farauta.

Dokar makamai ta 1959 ta gaji wannan tsari, ta raba bindigogi gida uku. Na yaƙi da fistol sai da lasisin shugaban ƙasa. Na farauta irin na zamani sai da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda. Adaka kuwa, kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da takardarta. Saboda haka abin da Ba'amurke ke yi, ya sayi tsohuwar bindiga mai sarrafa kanta don sha'awa, ba ya cikin abin da doka ta sauƙaƙa wa Bakatsine.

Sai dai doka ta ɗaure mai bin ta ne kawai. A watan Mayun 2019 masu ɗauke da makamai suka sace Magajin Garin Daura a ƙofar gidansa, aka kuɓutar da shi a Kano bayan wata biyu. A 2021 Gwamna Aminu Masari ya yi kira ga jama'a su nemi makamin kare kansu, a 2023 kuma Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma.

Abin da ya bambanta ɗan bindigar fada da na daji shi ne, na farko an san sunansa da gidansa da shugaban da zai hukunta shi in ya yi ɓarna. Duk shirin ba jama'a makami da bai tanadi waɗannan uku ba, zai ƙara yawan na biyun ne.